Yahaya al-Wasiɗi da Surorin Muƙamatul Hariri

Cikin littattafan da ɗalibin ilmi yake ratsawa a zaurukan malamai na Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato, bayan ya sauke Alƙur'ani, ya karanta Ahalari da Ishmawi da Risala, ya kuma kama hanyar nahawu a Ajuruma, da wuya a sami wanda ake shakkarsa, ake kuma alfahari da saninsa, kamar Muƙamatul Hariri. Domin kuwa duk wanda aka shaida ya karance muƙamomin nan hamsin a gaban malami, ya san baƙin kalmominsu da karin maganarsu, to, an sallama masa a fagen lugga. Kwafen da suka iso ƙasarmu, na hannu ne ko na ɗab'in Masar da Bairut, rubutu ne zalla, sai fa sharhin da ke kewaye da shi a gefe, saboda haka da yawa daga cikinmu ba su taɓa kawowa a rai ba cewa wannan littafi mai tsauri, wanda aka tsara domin kunne da harshe, an yi zamanin da aka cika shi da surorin mutane da raƙuma da jiragen ruwa. Alhali kuwa an yi, kuma mafi kyawun abin da ya saura na wannan zamani aikin mutum guda ne, Yahaya ɗan Mahmudu al-Wasiɗi, wanda ya gama shi a shekarar 1237 ta Miladiyya. A ganina babu inda mutum zai fahimci yadda mai zane yake tunani sa'ad da aka ɗora masa littafin wani, da inda yake samo abin da zai zana, kamar a cikin wannan kwafi.

Shi dai mai littafin, Abu Muhammadu Ƙasimu ɗan Aliyu al-Hariri, mutumin Basra ne, an haife shi a 446 bayan Hijira, ya rasu a 516, wato daga 1054 zuwa 1122. Badi'uz Zamani al-Hamazani, wanda ya rasu a 1008, shi ya ƙago salon muƙama, amma Hariri ne ya kai shi matuƙa har ya rufe sunan wanda ya riga shi. Tsarin labaran kusan ɗaya ne. Harisu ɗan Hammamu, matafiyi mai ƙaunar adabi, duk garin da ya sauka sai ya tarar an yi cincirindo a kan wani tsoho mai tsummoki, mai zaƙin baki, wanda yau mai wa'azi ne, gobe mai ƙara a gaban alƙali, jibi makaho ko mai ba da fatawa. In tsohon nan ya gama rikita mutane da balaga, ya kwashe abin hannunsu, sai Harisu ya gane ashe Abu Zaidi ne mutumin Saruja, ya bi shi ya zarge shi, shi kuwa ya kawo uzuri da 'yan baitoci ya sulale. Ibnu Hallikan ya kawo ruwaya daga ɗan Hariri cewa wata rana mahaifinsa yana zaune a masallacin unguwar Banu Haram a Basra, sai ga wani tsoho matafiyi cikin ragga ya shigo, ya yi magana da fasahar da ta ba kowa mamaki, aka tambaye shi, ya ce shi Abu Zaidi ne daga Saruja. A kan wannan mutum Hariri ya tsara muƙamarsa ta farko, wadda yanzu ita ce ta arba'in da takwas. Ashe shi ma marubucin a ƙofar masallaci ya tsinci gwarzonsa. A shekarar 504 bayan Hijira aka karanta littafin a gabansa a Bagadaza, manyan malamai suka saurara, aka rubuta musu ijaza, daga nan ɗalibai suka ɗauke shi zuwa Sham da Masar da Andalus, inda Sharishi, wanda ya rasu a 1222, ya yi masa shahararren sharhin nan.

To, ga inda gizo yake saƙa ga mai zane. Abin da ya ɗaukaka Muƙama yana cikin haruffa ne da kalmomi. A muƙamar Samarƙandi Abu Zaidi ya hau mumbari ya yi huɗuba cikakkiya wadda babu harafi ko ɗaya mai ɗigo a cikinta. A ta Maraga ya shifta wasiƙa wadda kalma ɗaya duk haruffanta masu ɗigo ne, mai bi mata kuwa babu ɗigo, haka har ƙarshe. A wata ya kawo jumlolin da in an karanta su daga farko ko daga ƙarshe duk ɗaya ne. A ta Ɗaiba aka yi masa tambayoyin fiƙihu ɗari, ya amsa kowace da amsar da mai ji zai ɗauka kuskure ce, sai an koma ga ɓoyayyar ma'anar kalmar a ga daidai ne. Yaya za a yi a zana huɗubar da ba ta da ɗigo? Kuma in aka ce za a zana abin da ya faru kawai, ai labaran hamsin duka tsoho ne yana magana mutane suna saurare, malalacin mai zane sai ya maimaita sura ɗaya sau hamsin, ya sauya launin riguna, ya karɓi ladansa. Kwafen Muƙama masu sura da suka tsira har yau goma sha ne da 'yan kai, kuma lalle akwai waɗanda masu su ba su wuce haka da yawa ba.

Kafin a zo ga yadda Wasiɗi ya fita daga wannan ƙunci, ya kamata a san cewa ya tarar da hanya an riga an share. Sana'ar takarda daga Sin ta fito, ta biyo ta Samarƙandi, ta iso Bagadaza a zamanin Haruna Rashidu, wajen ƙarshen ƙarni na takwas. Bayan kamar ƙarni guda Ya'aƙubi, mai littafin ƙasashe, ya ambaci shagunan masu sana'ar littafi fiye da 100 a kasuwa guda ta birnin, masu sayar da takarda da tawada, masu kwafa da masu ɗinki da yin bango. Tun kafin haka ma Ibnul Muƙaffa'i, wanda ya juyar da Kalila wa Dimna daga tsohon harshen Farisa zuwa Larabci a tsakiyar ƙarni na takwas, ya bayyana a muƙaddimarsa cewa cikin manufofin littafin akwai a nuna surorin dabbobi da launi iri-iri domin zukatan sarakuna su sake da shi, a yi ta kwafarsa kada ya ɓace, mai kwafa da mai zane kuma su riƙa amfana. Amma mafi yawan surorin farko bayin ilmi ne. Abdurrahman as-Sufi, a littafinsa na taurari wanda ya tsara wajen 964, ya zana kowane rukunin taurari sau biyu, yadda ake ganinsa a sama da yadda yake a jikin dunƙulen tagulla na masu nujumu. Jazari ya gama littafinsa na injuna a 1206 a Diyar Bakar, da zanen agogunan ruwa da na'urorin ɗaga ruwa, har da agogon nan mai siffar giwa. Masu tibbu kuma suna bukatar surar ganye da saiwa domin kada a ɗauki dafi a maimakon magani. Sai dai a farkon ƙarni na goma sha uku hannun masu zane ya soma wuce bukata. A wani kwafin littafin tsirrai na Diyuskuridus Bayunane, wanda aka gama a 1224, mai zanen bai tsaya ga ganyaye ba, ya ƙara da likita yana dama magani a tukunya, almajirinsa na tsaye yana kallo. Ido ya riga ya juya daga ganye zuwa ga mutum. Masu zanen wannan zamani sun ɗebo daga littattafan Rumawa da na Kiristocin yankin Mausil, da zanen jikin tangaran na Farisa da na tasoshin tagulla, kuma masana da dama suna ganin masu sayen irin waɗannan littattafai ba sarakuna kaɗai ba ne, har da attajirai da ma'aikatan diwani da sauran masu ilmi na birane, waɗanda suke jin daɗin ganin irin rayuwarsu a kan takarda.

A cikin wannan yanayi Wasiɗi ya yi aikinsa, a zamanin Halifa Mustansir, wanda ya yi mulki daga 1226 zuwa 1242, ya gina makarantar Mustansiriyya a bakin Dijla inda ake karantar da mazhabobi huɗu a gida ɗaya. Nisbar mai zanen tana komawa ga Wasiɗ, birnin da Hajjaju ɗan Yusufu ya kafa tsakanin Kufa da Basra, wanda ya shahara da kyawun karan alƙalami da ke fitowa a fadamunsa. Masu littattafan tarihin mazaje, irin su Ibnu Hallikan da suka yi zamani da shi, sun ba Hariri babi, sun ba mawaƙa da alƙalai da wazirai, amma ba su ga mai zane ya kai a ambace shi ba, kuma wannan rashin adalci ne da ya daɗe yana bin ma'abota wannan sana'a. Wasiɗi da kansa ya ajiye sunansa. A ƙarshen littafin, wurin da marubuta suke tammatawa su roƙi gafara, ya rubuta sunansa da na kakanninsa, ya ce ya gama a watan Ramadan na 634 bayan Hijira, ya kuma bayyana cewa rubutun da surorin duka aikin hannunsa ne. Littafi ne babba, tsawon shafinsa kamar santimita 37, faɗinsa kamar 28, ganyensa ya haura 160, da surori 99. Galibin masana sun tafi a kan cewa a Bagadaza aka yi shi.

Wannan magana tasa, cewa shi ya rubuta shi ya zana, ita ce mabuɗin al'amarin. Bisa al'ada aikin na mutum biyu ne: mai kwafa ya rubuta matani ya bar gurabe, sa'an nan a miƙa wa mai zane ya cike, wanda la'alla bai karanta labarin ba, sai dai a gaya masa a nan alƙali ne da mutum biyu, har yau akwai kwafen da aka bari da gurabensu fayau, ba a kai ga cike su ba. Shi kuwa Wasiɗi ya bi kowace kalma da alƙalaminsa kafin ya zana ta, kuma wanda ya kwafi muƙama hamsin harafi bayan harafi, da wasulla da ɗigo, ya zauna da Abu Zaidi zaman da mai karatu ba ya yi. Shi yake yanke inda alƙalami zai tsaya sura ta shiga, don haka surarsa takan faɗo daidai kan layin da ya haife ta. Bai kewaye surorin da iyaka ba, bai shafe bayansu da launi ba, ya bar mutanensa tsaye a kan farin takarda tare da rubutun, wani lokaci ya karkatar da layuka zuwa gefe domin ya ba tuta ko bishiya wuri, wani lokaci kuma, in taro ya yi yawa, ya baza shi a shafi biyu masu fuskantar juna, sai mai magana ya kasance a wannan shafi, masu saurare a wancan, maganar tana tsallake tsakiyar littafin.

Kayan aikin ma'abota wannan sana'a sanannu ne, domin akwai littafin Umdatul Kuttabi, wanda ake danganta wa Mu'izzu ɗan Badisa, sarkin Ifriƙiyya da ya rasu a 1062, wanda ya bayyana haɗin tawada da launuka da manne da ɗinkin littafi. Takarda sai an shafe ta da ruwan sitaci, an goge ta da dutse mai santsi har ta yi sheƙi, domin kada ta sha tawada. Baƙar tawada iri biyu ce, ta kunkunniyar fitila da ake kwaɓawa da ƙaro, da wadda ake dafawa daga ƙullutun itacen afasa da sinadarin ƙarfe. Shuɗi mafi tsada daga dutsen lazawardi na duwatsun Badahshan yake, ja daga zinjafari, fari daga dalma, kore daga tsatsar tagulla, zinariya kuma a buge ta ta yi laushi kamar fatar albasa, ko a niƙe ta a kwaɓa. Kowane launi sai an niƙa shi a dutse, an wanke, an tace, an haɗa da ƙaro, aikin kwanaki kafin a ɗiga ko ɗigo ɗaya a shafi. Al'adar masu zanen zamanin ita ce su fara fitar da siffa da siririn jan layi, sa'an nan su zuba launuka, daga ƙarshe su bi da baƙin layi su fitar da ido da gemu da lanƙwasar tufa. Duk wanda ya dubi layin Wasiɗi zai ga hannun marubuci ne, wanda ya saba jan harafi da numfashi ɗaya ba tare da ya ɗaga alƙalami ba.

Dabarar da ya yi game da waccan matsala ita ce, tun da maganar Abu Zaidi ba ta zanuwa, sai ya zana abin da maganar take yi wa mutane, da duniyar da aka yi ta a ciki. Dubi fuskokin masu saurare a surorinsa: wani ya sa yatsa a baki don mamaki, wani ya juya yana raɗa wa na kusa da shi, wani ya tallafe haɓa, alƙali ya karkato daga kan shimfiɗarsa yana shakka, shi kuwa tsohon, da farin gemu da dogon hanci, ya miƙa hannu gaba kamar zai cusa hujjar a ƙirjin mutum. A muƙamar Rayyu, inda Abu Zaidi ya yi wa'azi a gaban sarki, Wasiɗi ya cika shafi biyu: mai wa'azi a kan mumbari, sarki a sama da dogarawansa, mata lulluɓe a jere a bene suna leƙowa, jama'a kuma sun yi maƙil har da waɗanda suka tsaya a kan dawakansu. Ba ka jin kalma ɗaya ta wa'azin, amma ka san ya kama.

Sa'an nan akwai wuraren da Hariri ya wuce da rabin jumla, shi kuwa ya tsaya ya yi zango. A muƙama ta bakwai Harisu ya ce kawai ya ga shirin Idi a garin Barƙa'ida, an fito da dawaki da ado, sai ya bi jama'a zuwa masallacin Idi. Abin da labarin ya dosa shi ne tsohon da ya yi shigar makaho, wata tsohuwa tana yi masa jagora. Wasiɗi ya ɗauki wannan 'yar magana ya yi surar da ta fi kowace shahara a zanen Larabawa: mahaya sun jeru kafaɗa da kafaɗa, ƙafafun dawaki da alfadari sun sarƙe a ƙasa, manyan tutoci masu rubutun kalmar tauhidi sun tashi sama, mabusa biyu sun ɗaga dogayen ƙahonin ƙarfe, makaɗi yana dukan tagwayen ganguna a kan dabbarsa, wata doguwar tuta kuma ta karkata ta ratsa shafin domin kada jerin ya daskare. Duk wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fada ranar hawan salla, ya ji kakaki da tambari suna tahowa kafin ya ga sarki, zai gane wannan sura nan take, zai kuma san cewa wanda ya zana ta ya tsaya a irin wannan taro da ƙafafunsa.

Haka kuma a muƙamar fatawowin nan ɗari. A ƙarshenta an ce jama'a sun saka wa Abu Zaidi da garken raƙuma da kuyanga, shi ke nan abin da matani ya faɗa. Wasiɗi ya ba garken shafi nasa. Raƙuma wajen goma ne, kowane da launinsa, daga fari-fari zuwa ja da baƙi-baƙi, wuyoyinsu sun tashi sama suna lanƙwasa ɗaya bayan ɗaya, wasu sun sunkuya suna cin ciyawa, ƙafafu sun yi yawa har sai ka natsu kafin ka raba na wannan da na wancan, mace guda kuma tana bayansu da sanda a ɗage. Babu labari a ciki, babu Abu Zaidi, babu hikima ko wa'azi. Abin da ke ciki shi ne mutumin da ya daɗe yana kallon raƙuma, ya san yadda leɓensu yake saki da yadda suke ɗaga kai da girman kai, yana neman dalilin da zai zana su, marubuci ya ba shi da kalma ɗaya. Ni a wurina wannan shafi ya fi shafin masu tutoci, domin a nan ne aka fi ganin soyayyar mai zane ga abin da Allah ya halitta.

Ƙauyen muƙama ta arba'in da uku ma haka yake. Matafiyan biyu sun iso wani ƙauye, Abu Zaidi ya tambayi wani saurayi ko adabi yana da kasuwa a nan, yaron ya amsa masa cewa a garinsu waƙa ba ta sayen ko ƙwayar sha'ir. Wasiɗi ya sa su a gaba a kan raƙumansu, sa'an nan ya buɗe ƙauyen a bayansu: masallaci da hasumiya da ƙubba, bishiyar dabino, jerin ɗakuna kowane da mai shi a ƙofa yana harkarsa, saniya a turke, zakara da kaza a kan soro, mace tana kaɗi da mazari, awaki suna shan ruwa a bakin kududdufi. Amsar yaron tana nan a zane, ga mutanen da aiki ya sha musu kai, ba su da lokacin saja'i, amma mai zanen bai raina su ba yadda matanin ya raina su, ya ba kowa fuskarsa da sana'arsa. A nan ya ƙara wa littafin wani ra'ayi wanda ba na Hariri ba ne.

Da za a bi surorin ɗaya bayan ɗaya da magana ta yi tsawo. Akwai ɗakin karatu na Basra, inda aka jera littattafai a kwance cikin ƙananan tagogin bango, ɗaya bisa ɗaya, yadda ake ajiye su a wancan zamani. Akwai ayarin alhazai da raƙumi mai ɗauke da darbuka. Akwai jana'iza a maƙabartar Sawa, ana saukar da gawa, mata suna kuka. Akwai wanzami yana yin ƙaho mutane sun taru suna kallo, da malamin makaranta da sandarsa. Bai ɓoye munanan abubuwa ba. Ya zana gidan giya na Ana, bene da ƙasa, ana matse inabi, Abu Zaidi da ƙoƙo a hannu bayan jiya ya gama yi wa wani ayari addu'a, ya kuma zana kasuwar bayi ta Zabida, ana auna zinariya a mizani a sama, bayin Allah suna zaune a ƙasa suna jiran wanda zai saye su, surar da ba a kallonta zuciya ba ta sosu ba. A muƙamar Uman ya zana jirgin tekun Indiya, ya nuna ɗinkin igiya da ake haɗa katakansa da shi a maimakon ƙusa, fatake suna leƙe ta tagogi, ma'aikata suna kwarfe ruwa, abin da masu binciken tarihin jiragen ruwa suke kafa hujja da shi har yau. Da jirgin ya kai wani tsibiri da mai zanen bai taɓa gani ba, sai ya saki linzamin tunaninsa, ya sa birai a bishiya da tsuntsu mai kan mutum, domin inda ido bai kai ba dole a koma ga tatsuniyar matafiya. A tsibirin ne matar sarki take naƙuda mai tsanani, ya zana ta a ƙasa da ungozoma da kuyangi, a sama kuma sarki a tsakiya, Abu Zaidi yana rubuta laya a gefe guda, Harisu yana riƙe da abin auna taurari a ɗaya gefen.

Ba zai kyautu a wuce ba tare da an taɓa mas'alar da na san tana ran mai karatu ba. Hadisai ingantattu sun yi gargaɗi mai tsanani a kan yin surar abu mai rai, kuma saboda haka ne ba a sa sura a Mus'hafi, ko a littafin hadisi da fiƙihu, ko a bangon masallaci ba, fasahar Musulmi ta fi karkata ga kyawun rubutu da zayyana. Malamai sun yi saɓani a kan iyakar hanin. Malikiyya sun bambanta tsakanin sura mai inuwa, cikakkiyar gaɓoɓi, wadda suka haramta, da shafaffiya a takarda ko tufa, wadda suka sauƙaƙa hukuncinta zuwa karhanci ko saɓa wa abin da ya fi. Imamu Nawawi kuwa, wanda ya rasu a 1277, bai ga bambanci tsakaninsu ba. Wannan saɓani ya bar alamarsa a jikin littattafan kansu, domin kwafin Muƙama da ke Istanbul an goge fuskokin mutanensa, wanda ke birnin San Fitasbag na Rasha kuma wani mai tsantseni ya bi ya ja layi a wuyan surorin, alamar ya raba kai da jiki, ya bar littafin ya ci gaba da karantuwa. Kwafin Wasiɗi ya tsira daga mafi yawan wannan, ko da yake wani hannu na baya ya sake taɓa wasu fuskoki.

Shekara ashirin da ɗaya bayan ya ajiye alƙalaminsa, a 1258, rundunar Hulaku ta Mangolawa ta ci Bagadaza, aka kashe Halifa Musta'asim, aka yi ɓarnar rayuka da ta littattafai wadda har masu tarihi na baya suka riƙa cewa ruwan Dijla ya yi baƙi da tawada. Garin da Wasiɗi ya zana, da tutocinsa da alƙalansa da kasuwanninsa, ya zama ba a ganinsa sai a shafukansa. Sana'ar ba ta mutu nan take ba, domin a 1287 an yi kwafin Rasa'ilu Ihwanis Safa a Bagadaza da surori masu rai a farkonsa, kuma a daular Mamluka ta Masar da Sham an ci gaba da zana Muƙama, kamar kwafin 1334 da ke Biyana ta Ostiriya. Amma waɗannan na baya an shafe bayansu da zinariya, tufafi sun yi ado, mutane sun sandare, raƙumi da kaza da mai kaɗi sun fita. Daga nan girman zanen littafi ya koma ga masu harshen Farisanci, a Tabriza da Shiraza da Harata, inda sarakuna suka riƙe shi a fadojinsu, ana zana Shahnama da ƙissoshin Nizami, har zuwa kan mai zane Bihzadu.

Kwafin Wasiɗi ya yi ta sauya hannu har ya shiga taskar wani Bafaranshe, Charles Schefer, wanda ya daɗe yana aikin tafinta a ƙasashen daular Usmaniyya yana tara littattafan hannu; ya mutu a 1898, a shekara mai bi babban ɗakin karatu na ƙasar Faransa ya sayi taskarsa, aka ba littafin lamba 5847 cikin na Larabci. Ta hanyar hotunan da aka buga a Turai ne 'yan Iraƙi na ƙarni na ashirin suka sake saduwa da ɗan ƙasarsu. Jawad Salim, wanda ya koyo zane da sassaƙa a Paris da Roma da Landan, ya dawo gida yana neman tushen da zai dasa abin da ya koyo a kai, ya same shi a layin Wasiɗi da launukansa. A 1951 shi da Shakir Hasan Al Sa'id suka kafa ƙungiyar masu fasahar zamani ta Bagadaza, suka ambaci Wasiɗi a sanarwarsu a matsayin wanda suke son ƙulla igiyar da ta tsinke tun bayansa. Jawad ya rasu a 1961 yana cikin aikin babban ginin tunawa da 'yanci da ke dandalin Tahrir, a 1972 kuma aka yi bikin fasaha a Bagadaza da sunan Wasiɗi. Littafin kansa yana Paris har yanzu, an ɗauki hotonsa shafi bayan shafi an sa a intanet, duk mai so yana iya buɗewa ya duba.